Telan da Ya Ce wa Yaƙi Ya Dawo Gobe

Ranar Talata ce, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, Tela ya ɗaga kai daga kan kekensa ya leƙa waje, ya ga babu kowa a kan bencin ƙofar shagonsa sai wata kaza.

Wannan benci ba na wasa ba ne. Shekara da shekaru a kansa mutanen layin suke zama idan rana ta yi sanyi: Mai Aski, Mai Faci, Mai Guga, da duk wanda ƙafa ta kawo. Tela yana taka keke yana ba su labarin yadda ya taɓa auna wani babban soja, da yadda ya kori ɓarayi uku da almakashi. Ba wanda ya yarda, amma ana zama, ana dariya, har katakon ya yi santsi. Sai ga wani wasa ya shigo wayoyin mutane, wasan ganuwa. A cikinsa ake haɗuwa a kafa ƙungiya, a gina gari, a kewaye shi da ganuwa. Kowa ya sari itace, ya fasa dutse, ya haƙo zinariya ya zuba a rumbun ƙungiya, ran Asabar kuma a gwabza da wata ƙungiyar. Tun zuwan wasan 'yan benci suka koma ƙofar mai gyaran waya, inda ake samun caji, suna zaune kai a sunkuye.

Tela ya kori kazar, ya rataya tef a wuya, ya tsallaka titi.

"Sannunku da makoki," in ji shi. "Wa ya rasu?"

"Yi shiru, Tela, ana fasa mana ƙofa," in ji Mai Faci, ko ɗagowa bai yi ba.

Tela ya leƙa ta kafaɗarsa. "Wannan ne yaƙin? Wa ke jagorantarku?"

"Wani ne a can wata ƙasa, ba ma jin yarensa. In ya sa hoton takobi mu shiga, in ya sa hoton ƙafa mu gudu."

"Subhanallahi! Manya da ku, da gemu, wani wanda ba ku san ko ya yi wanka ba yana juya ku da hoton ƙafa? Alhali ga ni nan, mutumin da ya auna ƙirjin babban soja da hannunsa!"

"Auna ƙirji ai ba yaƙi ba ne," in ji Mai Aski, wanda suka taso tare da Tela tun suna yara.

"Kai da ka ƙare rayuwarka a ƙeyar mutane, me ka sani?"

Nan take ya sa aka saka masa wasan. Kafin magariba ya kafa ƙungiya, ya raɗa mata suna Zakunan Benci, ya naɗa kansa Janar. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: hedikwata ita ce bencin ƙofar shagonsa. Ya yi alkawarin jawo wuta har waje don caji, da shayi a kan kari. Mutanen sun gaji da hoton ƙafa, sai suka shigo. Direba ma ya shigo, ƙanin matar Tela, wanda ya fi kowa iya wasan saboda zaman jiran lodi a tasha. Shi wannan Direba yana da yadi ruwan toka a rataye a ƙusa cikin shagon Tela tun matarsa tana da cikin ɗansu na biyu. Yaron yanzu yana bin awaki da gudu.

Don a cika adadi, Tela ya ɗauki wayar matarsa ya saka mata wasan, ya raɗa wa sojanta suna Ludayi.

"Kada ki taɓa komai," in ji shi. "Ke dai cikon lamba ce."

"To, Baban yara," in ji ta.

Ya kuma buɗe ƙofar ƙungiya ga duk mai so. Baƙi suka shigo daga wurare masu nisa. A cikinsu akwai wani mai suna da ba ya karantuwa, rabi haruffa rabi lambobi. Ya shigo, ya ajiye itace guda ɗaya a rumbu, bai sake motsi ba. 'Yar fitilar da ke gefen sunansa ta mutu tun daga ranar. Tela ya sa masa suna Malam Shiru.

Makon farko ya yi daɗi, kuma ya kamata a faɗi haka, domin irin waɗannan makonni ba su da yawa a rayuwar mutum. Benci ya cika har ana zama a kan bokiti. Tela yana taka keke yana fito. Ran Asabar aka haɗa su da wata ƙungiya da masu ita suka daɗe da watsewa, ba wanda ya fito tare su, suka shiga garin kamar masu zuwa gaisuwa.

"Kun gani?" Tela ya miƙe yana buga ƙirji. "Sunana suka ji suka gudu!"

"Yaya, babu kowa a garin," in ji Direba. "Ko kare babu."

"Har karnukan sun gudu!"

Daga nan kan Janar ya kumbura. Ya kafa doka cewa duk wanda zai yi magana a zauren ƙungiya sai ya fara da "Ranka ya daɗe, Janar." Ya shiga aika saƙon murya a kan dabarun yaƙi, kowanne ya isa a dafa shayi a sha kafin ya ƙare, ga ƙarar keke a ciki. Baƙin nesa, da ba su jin ko kalma ɗaya, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Mai Faci ya ce, "Ranka ya daɗe, Janar, ganuwarmu fa akuya ma za ta tsallake. A ɗaga ta."

"Gobe," in ji Tela.

Wannan kalma ita ce jarinsa. Da ita ya sallami masu kayan makaranta da masu kayan fita kunya, da ita ya riƙe shago tun yana saurayi. Bai taɓa ganin ranar da "gobe" ta ƙi aiki ba. Iyaka mutum ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya tafi, ya dawo.

Sai tsautsayi ya kai yatsansa kan wani ɗan hoton rumfa a gefen wasan, inda ake sayar wa sojoji tufafi da zinariyar rumbu. Ya ƙara girman hoton sojojinsa ya duba su da idon sana'a, ransa ya ɓaci.

"Ku dubi hannun rigar nan! Wa ya yanka wannan? Ku dubi kafaɗa, ɗaya ta fi ɗaya. Ni, sojojina su fita da wannan buhu? Me za a ce a layi?"

Ya saya wa kowane soja jar alkyabba mai bakin zinariya. Direba ya dawo daga hanya ya duba rumbu, ya ga wayam.

"Yaya, ina zinariyar da muka yi mako muna haƙa?"

"Ka fara da gaisuwa."

"Ranka ya daɗe, Janar, ina zinariyarmu?"

"Tana jikinka. Duba sojanka."

Direba ya duba. "Yaya, wannan ai ango ne, ba soja ba. Kai da ka iya gama kaya a minti ɗaya haka, me ya hana nawa?"

Mai Guga ya kece da dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Tela ya sha mur, ya danna sau biyu, ya kori Direba saboda rashin ɗa'a, ya kori Mai Guga saboda dariya a bakin aiki.

Ba su yi nisa ba. Tsallaken titi suka koma, kan tsofaffin tayoyin Mai Faci, daidai saitin benci. Direba ya kafa sabuwar ƙungiya ya sa mata suna Korarru. Mai Faci ya ga ana zama a kan tayoyinsa ba da shi ba, ga ganuwa har yanzu tana jiran gobe. Ya matso kusa da Mai Aski ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah, ina ake dannawa a fita?"

Mai Aski ya karɓi wayar ya nuna masa. "Nan, sai nan, sai ka ce ka tabbata." Tela yana kallonsu ta gefen ido, zare a baki.

Da safiyar Litinin Janar ya duba garinsa ya ga an ƙara wa ganuwa layin dutse ɗaya ta gabas. Ya bincika, ya ga aikin Ludayi ne. Ya kore ta nan take. Da ya koma gida cin abincin rana ya tarar da matarsa a zaune a kan turmi, murhu a sanyaye.

"Baban yara, korata ka yi?"

"Ba ke na kora ba. Soja na kora. Ya yi gini ba da umarni ba."

"Ganuwar ce na ga iska tana neman ture ta."

"A gida ke matata ce, a fagen fama kuwa doka ce."

"To madalla. Yau sojan ne da girki, ga shi ka kore shi."

Tela ya koma shago da burodi a aljihu. Ya tara sauran jama'arsa, wato Mai Aski da wasu baƙi biyu da ba su riga sun gano ƙofar fita ba, ya sanar da naɗin Mataimakin Janar.

Mai Aski ya gyara zama, ya kakkaɓe gashin da ke rigarsa.

"Malam Shiru," in ji Tela.

"Wa?"

"Shi kaɗai ne bai taɓa mayar mini da magana ba. Bai taɓa tambayata rumbu ba, bai taɓa dariya ba. Irin wannan biyayya sai an tona."

"Tela, mutumin nan fa ina jin ya sayar da wayar."

"Hassada ce take damunka."

A tsallake kuwa Korarru sai ƙaruwa suke yi. Ba su da gaisuwa, ba su da muƙami, wanda ya samu lokaci ya fasa dutse. 'Yan tasha suka shigo, matan gidan su Tela suka shigo ta hannun Ludayi, har baƙin nesa da suka gudu daga Zakuna suka bi sawu. Tayoyi suka cika, benci ya koma mutum ɗaya da kaza. Abin da ke cin Tela ke nan, ba wasan ba. Yana jin dariyarsu tana tsallako titi, kuma ya san kowace murya.

Ran Talata ya kasa haƙuri, ya fito bakin kwata.

"Kai, 'yan gudun hijira! Ku rage hayaniya, ana shirin yaƙi a nan!"

"Da wa, Yaya?" in ji Direba. "Da kazar?"

"Da ku, in kun isa!"

"Yaya, rufa wa kanka asiri. Yayata tana cikinmu, ba na so ta ga abin da zai sa ta raina ka."

"Ta riga ta gani," in ji Mai Guga.

Tela ya zaro waya ya danna takobin ƙalubale a gaban kowa. "Asabar, ƙarfe huɗu! In kun ci garina, ku ɗauki bencin nan ku tafi da shi. In na ci naku, ku dawo kansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da gaisuwarsa!"

Direba ya karɓa. Wani ɗan agogo ya bayyana a saman wasan ya fara ƙirga lokaci yana raguwa.

Tela ya zaga layi kaf yana gayyata. Ya gaya wa mai kemis, ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa masu zuwa karɓar ɗinki, waɗanda suka zo da faɗa suka koma da gayyata. Ya roƙi Mai Aski aron talabijin ɗin shagonsa don jama'a su ga nasara da girmanta.

"Tela, ganuwa," in ji Mai Aski ran Laraba.

"Gobe."

Ran Alhamis ya ce gobe. Ran Juma'a Mai Aski ya haƙo 'yar zinariya da kyar tsakanin aski da aski, Tela ya saya wa garin tuta mai geza.

Asabar da azahar aka fito da talabijin aka ɗora a kan teburin yanka, mai gyaran waya ya haɗa ta da wayar Mai Aski. Sai a lokacin Janar ya naɗe hannun riga ya danna wurin ɗaga ganuwa, kamar yadda yakan zauna a kan keke idan mai kaya ya riga ya tsaya a ƙofa. Wasan ya ce dutse bai isa ba, kuma ko ya isa, ginin kwana biyu yake ci.

Tela bai razana ba. Ya sa fuskar da ya saba sawa, ta mutumin da duniya ta zalunta, ya tsallaka titi.

"Ƙanina," in ji shi da murya mai laushi, "ka san ni da kai ba ma haka."

"Yau kuma ni ne ƙaninka?"

"An samu 'yar matsala. Aikin ya kusa, wallahi ya kusa..."

"An ɗauke wuta," in ji Direba.

"Ba haka ba..."

"Zare ya ƙare. Allura ta karye. Saura maɓalli kawai. An yi rasuwa a dangin mai sayar da maɓallin." Direba yana lissafawa da yatsu, 'yan tayoyi suna amsawa kamar ɗalibai. "Yaya, duk na haddace. Wanne ka kawo yau?"

"Ku dawo gobe," in ji Tela.

Aka fashe da dariya. Mai Guga ya faɗo daga kan taya.

Direba ya share hawaye. "Ni na yarda, Yaya. Wallahi na yarda, ai na saba. Je ka gaya wa agogon can."

Tela ya dubi agogon wasan. Bai san fuska ba, bai san surukuta ba, raguwa kawai yake yi. Karo na farko a rayuwarsa ya gamu da mai karɓar kaya da ba a iya ba shi haƙuri. Jama'a kuwa sun fara cika ƙofar shago, wasu da kujerunsu, mata a tsaye a bakin ƙofar gida, mai shayi har ya matso da teburinsa.

Ana saura kaɗan huɗu ta cika, sai fuskar Janar ta washe. Ya shige shago, ya buɗe wurin saita lokaci a wayarsa, ya mayar da ranar baya. Ya fito yana ɗaga wayar sama.

"Jama'a, a yi haƙuri, an samu kuskure. Yau Juma'a ce. Ga shi a rubuce. Kowa ya dawo gobe."

"Juma'a?" in ji mai kemis. "To jiya wace rana muka yi?"

"Wannan kuma tsakaninka da jiya."

Ya danna wasan don ya nuna musu agogo ya koma baya. Wasan ya yi ɗan juyi, ya rubuta cewa lokacin wannan waya bai yi daidai ba, a gyara kafin a shiga. Ya sake dannawa, ya sake samun amsa ɗaya. A daidai nan aka busa ƙaho a cikin talabijin.

Korarru suka fito daga bayan tudu, riguna buhu-buhu, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, suna jan wani ƙaton gungume. A kan 'yar ganuwa sojojin Janar suna tsaye a jere, jajayen alkyabbu suna kaɗawa, ba mai ba su umarni, domin Janar yana ranar Juma'a.

"Kai, amma kayan sun yi kyau," in ji wata tsohuwa.

"Mataimaki!" Tela ya yi ihu yana dannar waya da yatsa biyu. "Malam Shiru! Karɓi ragama! Mai Aski, gaya masa ya karɓi ragama!"

"Na gaya masa. Bai musa ba."

Baƙin nan biyu suka gano ƙofar fita a wannan minti. Mai Aski ya rage shi kaɗai a bakin ƙofar gari da 'yan maharbansa, harshe a waje, yana dannawa kamar mai aske kan yaro mai kuka. Ya kayar da mutum biyu na Mai Guga, jama'a suka yi masa tafi.

"Wa ke jan gungumen nan?" in ji mai kemis, yana matsawa kusa da talabijin. "An rubuta... Ludayi."

Duk aka juya. Matar Tela tana tsaye a ƙofar gida, waya a hannu, zani a ɗaure tamau.

"Maman yara!" in ji Tela. "Garin mijinki ne fa!"

"Ba ni ba ce, Baban yara. Soja ne."

Ta gabas ba ta bi ba, domin ta san wanda ya gina wurin. Ta yamma ta zagayo. Dukan farko ganuwa ta girgiza, na biyu ta zube kamar tulin yadi. Tela ya ruga wurin mai gyaran waya.

"Dawo da ni Asabar! Don girman Allah dawo da ni Asabar!"

Aka dawo da shi. Wasan ya buɗe, Janar ya iso fagen fama daidai lokacin da tutar nan mai geza take saukowa a hankali, kuma ba a taɓa ganin tuta ta faɗi da kyau irin haka ba.

Layin ya ɗauki sowa. Direba da Mai Faci suka kama benci, kowa da gefensa. Kazar ta yi tsalle ta sauka.

"Yaya, rigata fa?" in ji Direba yana wucewa.

Tela ya buɗe baki, jama'a gaba ɗaya suka amsa masa: "Gobe!"

Ran Litinin da rana ta yi sanyi, Tela ya ɗaga kai daga kan keke. Inda benci yake sai ramuka huɗu a ƙasa, kazar tana tsaye a tsakiyarsu tana dube-dube. A tsallake ana dariya a kan katakonsa mai santsi. Ya mayar da kai ya ci gaba da taka keke a hankali.

Sai ya ji ana jan wani abu. Mai Aski ne da 'yar kujerar jiran layi ta shagonsa. Ya dasa ta tsakanin ramukan ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Na duba ƙungiya," in ji Tela, bai dube shi ba. "Na ga ba ka fita ba."

"Ban san inda ake dannawa ba."

Tela ya tuna ranar da Mai Askin nan da kansa ya nuna wa Mai Faci, nan, sai nan, sai ka ce ka tabbata. Ya ciji zare, ya tofar, ya ɗora ruwan shayi.

"Na taɓa ba ka labarin ranar da na mayar da Asabar Juma'a da yatsa ɗaya?"

"Ina wurin."

"To ba ka ga komai ba, kana can kana danne-danne. Gyara zama."

Waɗanda suka rage a ƙungiyar Zakunan Benci bayan yaƙin su ne waɗannan. Tela, Janar. Malam Shiru, Mataimakin Janar, wanda fitilarsa ba ta sake kamawa ba, kuma har yau bai musa ba. Mai Aski, soja, ba muƙami. Sai yadi ruwan toka a rataye a ƙusa, wanda ba ɗan ƙungiya ba ne, amma ya riga kowa zuwa.